Daga Harabar Jami'a Zuwa Ƙauyen Kanj: Yadda Abota Ta Haifi Partners In Health

A shekarar 1987 aka kafa wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai a birnin Boston na Amurka, aka raɗa mata suna Partners In Health. Mutum biyar ake lissafawa a cikin waɗanda suka kafa ta. Paul Farmer da Jim Yong Kim ɗaliban likitanci ne a jami'ar Harvard, ko kammalawa ba su yi ba. Todd McCormack abokin Farmer ne tun suna jami'ar Duke. Ophelia Dahl 'yar Ingila ce mai shekara 23, ba ta da digiri a lokacin. Na biyar ɗin dattijo ne mai suna Tom White, babban ɗan kwangilar gine-gine, wanda ya zuba dala miliyan 1 ta farko. Duk abin da za su iya nunawa a ƙasa shi ne wani ɗan asibiti a Kanj, ƙauyen da taswira ke rubutawa Cange, can cikin tsaunukan tsakiyar ƙasar Haiti.

Yau ƙungiyar tana aiki a ƙasashe wajen goma, daga Haiti da Peru har Ruwanda, Malawi, Lesotho, Saliyo da Laberiya, da dubban ma'aikata waɗanda kusan dukkansu 'yan ƙasashen ne. An fi saninta da asibitoci, amma tun farko aikinta ya haɗa da ruwan sha, makaranta, abinci da rufin ɗaki. Duk wanda ya bi tarihinta zai iske cewa kusan kowane babban mataki da ta ɗauka, akwai wata alaƙa da aka ƙulla a jami'a a bayansa. Zai kuma iske wani abu da ba a cika faɗa ba: alaƙoƙin nan ba su tsinana komai ba sai da suka sami masauki wajen mutanen da ba su taɓa taka harabar Harvard ba.

Abin da Duke ta yi wa yaron cikin bas

An haifi Paul Farmer a 1959, na biyu cikin 'ya'ya shida. A jihar Florida iyalin sun yi shekaru suna zaune cikin wata tsohuwar bas da mahaifin ya saya a gwanjo, wadda a da asibitin tafi-da-gidanka ce ta masu tarin fuka, daga baya suka koma cikin wani jirgin ruwa a bakin fadama. Akwai lokacin da kuɗi suka yanke, uban ya kwashi yaran zuwa tsinkar lemu a gona, inda suka iske leburori 'yan Haiti suna magana da harshen da yaron bai taɓa ji ba. Talauci ba baƙonsa ba ne ke nan. Abin da bai sani ba tukuna shi ne daga ina talauci ke zuwa, kuma me ya sa yake zaɓen wasu ya bar wasu.

Ya shiga Duke, a jihar North Carolina, da tallafin karatu. Makaranta ce ta 'ya'yan masu hali, kuma da farko abin ya ɗauke masa ido: sutura, liyafa, shiga ƙungiyar samari ta 'yan gata. Daga baya ya fice daga ƙungiyar saboda babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta. Tsakanin shigarsa da fitarsa abubuwa sun faru, wasu a aji, mafi yawa a wajensa.

A aji ya karkata ga nazarin al'adun ɗan'adam, musamman yadda al'umma ke fahimtar cuta da magani. Ya yi zango a Faris yana sauraron laccocin Claude Lévi-Strauss, shahararren masanin wannan fanni, ya dawo da Faransanci a bakinsa, abin da ya sauƙaƙa masa koyon Kiriyol, harshen talakawan Haiti. Ya kuma ci karo da rubuce-rubucen Rudolf Virchow, likitan nan na Jamus da gwamnati ta tura a 1848 ya binciki annobar zazzaɓi a yankin Silesia, ya dawo ya rubuta cewa maganinta ilimi ne da 'yanci da wadata, ba ƙwaya kaɗai ba.

A watan Maris na 1980 aka harbe Oscar Romero, babban limamin Katolika na El Salvador, yana tsakiyar jan ibada, saboda tsaya wa talakawa da ya yi. Ɗalibai da malamai suka yi zaman jimami a cocin jami'ar, Farmer yana cikinsu. Ɗan Katolika ne tun haihuwa, amma addinin bai taɓa kama zuciyarsa ba sai a wannan tsakanin, da ya fara karanta malaman coci na Latin Amurka irin su Gustavo Gutiérrez ɗan Peru, masu cewa wajibi ne a fara da talaka kafin kowa. Wannan magana ita ta zama ginshiƙin aikinsa har ya koma ga Mahaliccinsa.

Amma a ganina wadda ta fi kowa tasiri a kansa ba malamar jami'ar ba ce. Wata sista ce 'yar Beljiyam mai aiki da leburorin gona. Ta hanyarta ya riƙa shiga sansanonin ma'aikatan gonakin taba da ba su da nisa da Duke, inda ya sake haɗuwa da 'yan Haiti, wannan karon a inda suke kwana. Sai tambaya ta tsaya masa a rai: wace irin ƙasa ce mutum zai baro, ya ratsa teku cikin kwalekwale, don ya zo ya zauna cikin wannan hali har ya ga ya sami sauƙi? Ya duƙufa karanta tarihin Haiti, ya yi rubutu a kan leburorin. Da ya kammala a 1982 ya riga ya san inda ya dosa.

Akwai wani hali nasa da ya kamata a lura da shi tun nan. Ya bar ƙungiyar 'yan gata, amma bai yar da abokan da ya samu a wannan duniyar ba. McCormack ɗan attajirin nan ne da ya kafa IMG, kamfanin da ke wakiltar manyan 'yan wasanni. Matasa da yawa idan idonsu ya buɗe a kan zalunci sai su yanke hulɗa da masu hali, su ɗauke su abokan gaba. Farmer bai yi haka ba. Ya riƙe su, yana rubuta musu wasiƙa, yana ba su labarin abin da yake gani, har ranar da aka buƙace su.

Kanj, da mutumin da ya riga kowa zuwa

A 1983 ya sauka a Haiti, ya sami gurbin aikin sa-kai a wani asibitin ido da ke da reshe a garin Mirebalais. A nan ya haɗu da Ophelia Dahl, yarinya mai shekara 18 da ta zo aikin sa-kai ita ma. A nan kuma ya haɗu da mutumin da, in da adalci, da sunansa za a fara wannan labari: Fada Fritz Lafontant, limamin cocin Anglika ɗan Haiti, wanda tun shekarun 1960 shi da matarsa Yolande suke hidimar ƙauyukan yankin.

Lafontant ne ya kai shi Kanj. Mutanen wurin manoma ne da ke zaune a kwarin kogin Artibonite mai albarka, har aka gina madatsar ruwa ta Péligre, aka kammala a 1956 da bashin wani bankin gwamnatin Amurka da 'yan kwangila daga Texas. Ruwa ya taso ya cinye gonaki da gidaje, mutane suka gudu saman tsauni da abin da hannu ya iya ɗauka, mafi yawansu ba su ga diyyar kirki ba. Amfanin madatsar ya gangara wajen manyan gonaki da Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, su kuwa ba ruwa ba wuta. Mutanen Bakolori da na tsohuwar Bussa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A Kanj mata da yara kan gangara tudu mai zurfin kamar ƙafa 800 su ɗebo ruwan dam, ruwan da ke kashe jarirai da gudawa.

Kafin Farmer ya zo, Lafontant ya riga ya fara makaranta a ƙauyen. Shi ne kuma, ta hanyar zumuncinsa da cocin Anglika na jihar South Carolina, ya jawo injiniyoyin da suka tura ruwa mai tsabta zuwa saman tsaunin a tsakiyar shekarun 1980, mutuwar jarirai ta ragu. Wato ba kango matashin nan ya tarar ba. Ya tarar da shugaba mai tsari, wanda mutane suka yarda da shi, yana neman ƙarin hannu.

A wannan shekara ta farko Farmer ya yi ɗan aiki a wani asibiti a garin Léogâne. Wata rana aka kawo mace mai ciki da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tana buƙatar ƙarin jini. Babu jini a asibitin sai an je an saya, 'yar'uwarta kuma ba ta da kuɗi. Farmer ya zaga yana tara abin da ya samu, bai isa ba, matar ta rasu da cikinta. 'Yar'uwar tana kuka tana cewa ai su ma mutane ne. Ya daɗe yana maimaita wannan labari. Shi ya sa da aka buɗe asibitin Kanj a 1985, kuɗin katin da aka sa ɗan kaɗan ne, kuma aka ɗauke wa mata, yara, marasa hali da duk mai ciwo mai tsanani, wanda a aikace kusan kowa ke nan.

Abin da ya koyo a Duke ya yi amfani a nan ta wata hanya mai sauƙi. Maimakon ya fara da rabon magani, sai ya tara wasu matasan yankin, shi da Ophelia, suka bi gida-gida suna ƙidaya: mutum nawa, haihuwa nawa, wa ya rasu, me ya kashe shi. Cikin 'yan shekaru uku daga cikin matasan da suka fara wannan aiki da shi sun rasu, dukkansu da cututtukan da ake iya magancewa.

Harvard: malami, aboki da ƙofa

Ya shiga makarantar likitanci ta Harvard a 1984, yana haɗa ta da digirin digirgir a nazarin al'adun ɗan'adam a ƙarƙashin Farfesa Arthur Kleinman. Karatun nasa na ban mamaki ne. Yakan kwashi littattafai ya tafi Kanj, ya dawo gab da jarrabawa ya rubuta, ya sake komawa, har 'yan ajinsa suka riƙa kiransa baƙo. Makarantar ta kawar da kai saboda sakamakonsa yana da kyau. Wannan kawar da kai ba ƙaramar gudummawa ba ce. Da an tsare shi da rajistar shiga aji, da ɗayan biyu za a yi, ko ya bar Kanj ko ya bar likitanci. Idan yana Boston kuma, a gidan wani limamin Katolika yake kwana, Fada Jack Roussin, a unguwar talakawa ta Roxbury. A riƙe wannan suna, zai dawo.

A wajen Kleinman ɗin ne hanyarsa ta haɗu da ta Jim Yong Kim. An haifi Kim a Seoul ta Koriya ta Kudu a 1959, ya tashi a wani ƙaramin gari a jihar Iowa inda iyalinsu ke cikin 'yan tsirarun 'yan Asiya. A jami'ar Brown ya shiga harkokin ɗalibai marasa rinjaye, ya fara tunanin launin fata da mulkin mallaka. Ya sha ba da labarin ranar da ya dawo hutu ya shaida wa mahaifinsa, wanda likitan haƙori ne, cewa falsafa yake so ya karanta. Uban ya gangara gefen titi ya tsayar da mota, ya ce masa ya fara zama cikakken likita tukuna, bayan nan ya karanta duk abin da ya ga dama. Iyaye da yawa za su gane wannan uba. Kim ya bi maganarsa, amma tambayoyin da ya ɗauko a Brown ba su sake shi ba, sai ga shi ya haɗu da wanda ke da wurin da za a kai su. Dare da yawa su biyu da Ophelia suka raba suna gardama a kan abin da ya wajaba ga mai ilimi a duniyar da ke cike da marasa lafiya matalauta.

Ita Ophelia nata ya zo a juye. Su sauran, jami'a ce ta kai su fili, ita fili ne ya tura ta jami'a, ta kammala kwalejin Wellesley a 1994. Sun yi soyayya da Farmer, ya nemi aurenta ta ƙi, domin ta ga irin rayuwar da ya zaɓa ba ta bar gurbin gida irin wanda take so ba. Ba su rabu a aiki ba. Ita ce ta riƙe lissafi, ta riƙe masu ba da taimako, ta riƙa sasanta mazajen nan biyu masu saurin ɗaukar alkawarin da ya fi ƙarfin aljihu, daga baya ta shugabanci ƙungiyar shekara 16. Na tsaya a kan wannan ne domin ƙungiyoyi da yawa da abokai suka kafa a nan suke wargajewa, ranar da zumunci ya sami tangarɗa.

Sai Tom White. Yana ba wata ƙungiyar ciyar da mayunwata ta Boston kuɗi, wani kaso ya tafi gina gidan burodi a Kanj. Ta haka aka nuna masa wata maƙala da Farmer ya rubuta a mujallar tsofaffin ɗaliban likitanci na Harvard a 1985. Shi ma White tsohon ɗalibin Harvard ne. Ya karanta ya ce yana son ganin yaron. Amsar da ta dawo ita ce in yana son ganinsa ya zo Haiti. Dattijon ya hau jirgi ya je, ya ga Kanj da idonsa, bai sake juya baya ba. An ruwaito cewa wata rana ya ce wa Farmer ji yake kamar ya bar kwangila ya dawo Haiti aikin mishan, Farmer ya ce masa a wajensa shi kam yin haka zunubi ne. White ya ci gaba da neman kuɗi yana bayarwa, ya rabar da kusan duk dukiyarsa kafin rasuwarsa a 2011.

Ranar da ƙauyawa suka fi masu digiri gaskiya

A ƙarshen shekarun 1980 wata mata ta rasu da tarin fuka a yankin Kanj alhali tana karɓar magani kyauta. Ma'aikata suka zauna don gano inda aka kuskure, sai kansu ya rabu. Masu takardar shaida suka ce laifin marasa lafiya ne, sun yarda sammu aka yi musu, shi ya sa da sun ɗan ji sauƙi sai su watsar da magani. Ma'aikatan lafiya na cikin ƙauye, waɗanda ke zaune tare da mutanen, suka ce ba haka ba ne, yunwa ce. Ɗaya daga cikinsu ta ce ba mai tarin fuka magani ba tare da abinci ba kamar wanke hannu ne a goge da ƙasa.

Abin lura shi ne bayanin farko, na sammu da al'ada, shi ya fi kama da abin da ake tsammani daga wanda ya karanta al'adun ɗan'adam. Farmer bai yanke hukunci da baki ba, ya gwada. Aka raba marasa lafiya gida biyu. Duka suna samun magani kyauta, amma rukuni ɗaya an ƙara musu ɗan kuɗin abinci da na mota kowane wata, da ma'aikacin lafiya mai zuwa gida a kai a kai. Waɗanda aka ƙara wa tallafi duk suka warke. A ɗaya rukunin kusan rabi ne kawai suka warke, wasu suka mutu. Kuma da aka bincika, mutane da yawa a rukunonin biyu sun yarda akwai hannun sammu a ciwonsu, amma wannan bai hana mai abinci shan maganinsa ba.

Daga nan tsarin 'yan rakiya ya kafu: maƙwabci da aka horar, ake biyansa albashi, yana zuwa kullum ya ga an haɗiyi magani, ya duba ko akwai abinci a tukunya, ko ɗaki na yoyo. Da wannan tsari suka fara ba masu cutar ƙanjamau magani a Kanj a 1998, lokacin da manyan masana ke cewa ba zai yiwu a ƙauyen matalauta ba. Fahimtar ta mutanen ƙauye ce. Abin da jami'a ta kawo shi ne hanyar gwada ta, da rubuta ta cikin harshen da mujallun likitanci za su saurara.

Peru, inda sunan makaranta ya yi aiki

Fada Jack Roussin ya bar Boston ya koma Carabayllo, wata unguwar marasa galihu a gefen birnin Lima, ya yi ta kiran tsofaffin 'yan gidansa su zo. Kim ya amsa, suka fara ƙaramin aiki tare da wani likita ɗan ƙasar, Jaime Bayona. A 1995 Fada Jack ya kwanta ciwo, aka kai shi Boston, aka ɗora shi a kan magungunan tarin fuka da aka saba, bai tashi ba. Gwaji ya nuna irin tarin da ya kama shi mai bijire wa magani ne. Bayona ya shiga bin takardun asibitocin unguwar, ya tarar da mutane da dama da ke shan magani yadda aka ce amma suna ta mutuwa.

A lokacin, matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne maganin wannan nau'i ya yi wa ƙasashe matalauta tsada, domin na mutum ɗaya kan kai dala 15,000 ko fiye, ana sha har shekara biyu. A 1996 suka fara ba da shi duk da haka. Farmer da Kim, waɗanda a lokacin likitoci ne a asibitin Brigham mai alaƙa da Harvard, suka riƙa ɗibar magani daga ɗakin maganin asibitin suna cika jaka suna kaiwa Lima, har bashin ya kai dala 92,000. Tom White ya biya. Howard Hiatt, tsohon shugaban makarantar kiwon lafiyar al'umma ta Harvard, ya tsaya musu, ya taimaka aka tara manyan masana tarin fuka na duniya a 1998 don su ga sakamakon. Fiye da kashi 80 cikin 100 na rukunin farko sun warke. Hukumar ta sauya matsayi, aka kafa kwamitin da ya sa farashin magungunan ya faɗi warwas, kuma a 2000 gidauniyar Gates ta ba da kusan dala miliyan 45 don faɗaɗa aikin. Tallafin ya zo a kan gaɓa, domin aljihun White ya fara jin jiki.

Abin da lamarin ke nunawa, da inda yake ciwo

A nan ne nake ganin dole a faɗi gaskiya. Ɗauki wani ɗalibin likitanci ɗan Haiti mai basira da zuciya irin ta Farmer. Wace mujalla zai yi rubutu a ciki har attajirin Boston ya karanta? Wane asibiti zai bar shi ya fita da maganin dala 92,000, a kira abin bashi ba sata ba? Wa zai kira masanan duniya su zauna su saurare shi? Tausayi da hazaƙa suna ko'ina. Abin da Duke da Harvard suka ba waɗannan matasa, wanda ba a samunsa a ko'ina, shi ne kusanci da masu kuɗi da masu faɗa a ji, da sunan da ke sa a yi wa mutum uzuri. Abin yabo a wajensu shi ne sun san haka, kuma sun karkatar da wannan gata zuwa ƙauye ɗaya suka daɗe a cikinsa, ba su yi ta tsalle daga wannan aiki zuwa wancan ba. Amma har yau sunayen da duniya ta haddace na 'yan Boston ne. Lafontant, Bayona, Loune Viaud da ta daɗe tana jan ragamar Zanmi Lasante, reshen ƙungiyar na Haiti, da dubban 'yan rakiya masu hawa tsauni da ƙafa kowace safiya, sai wanda ya tona yake jin labarinsu.

Hanyar da ke kai mutum ƙauye kuma tana iya fitar da shi. Kim ya tafi Hukumar Lafiya ta Duniya ya jagoranci sashen yaƙi da ƙanjamau, ya zama shugaban jami'ar Dartmouth a 2009, sannan shugaban Bankin Duniya daga 2012 zuwa 2019, bankin da ya taɓa sukar manufofinsa a rubuce, daga nan ya koma wani kamfanin zuba jari. Akwai masu ganin ya kai muryar Kanj inda ba ta taɓa isa ba, akwai masu ganin ya yi nisa da ita. Akwai kuma abin da babu wata alaƙar jami'a da ke iya tarewa. Babban asibitin koyarwa mai gado 300 da suka buɗe a Mirebalais a 2013, bayan girgizar ƙasar 2010, dole aka kwashe marasa lafiya da ma'aikatansa a 2025 da 'yan daba masu ɗauke da makamai suka mamaye garin.

Duk da haka sarƙar ba ta tsinke ba. A 2006 wani ɗalibin zanen gine-gine a Harvard, Michael Murphy, ya saurari laccar Farmer, ya same shi bayan an tashi ya tambaye shi su waye ke zana musu asibitoci. Shi da abokan karatunsa suka ƙare da zana asibitin Butaro a arewacin Ruwanda, ƙasar da ƙungiyar ta shiga a 2005 bisa gayyatar gwamnati. An buɗe shi a 2011, da barandu a waje da manyan tagogi don iska ta riƙa ratsawa ta rage yaɗuwar tarin fuka, magina 'yan yankin suka gina shi da dutsen wurin. Daga wannan aiki ƙungiyarsu ta MASS Design Group ta samo asali.

Matakin da ya fi nuna cewa sun fahimci tarihin kansu shi ne na 2015, da suka kafa jami'a tasu, University of Global Health Equity, suka kuma gina harabarta ba a Kigali ba, a Butaro, kusa da asibitin, tsakiyar gonakin manoma. Agnes Binagwaho, tsohuwar ministar lafiya ta Ruwanda, ta shugabance ta. A 2019 aka ɗauki rukunin farko na ɗaliban likitanci, mafi yawansu mata, suna karatu kyauta bisa yarjejeniyar za su yi wa al'umma aiki na wasu shekaru bayan sun gama. Manufar a fili take: ɗalibi ɗan Afirka ya sami malami, abokin gardama da marar lafiyar da zai koya daga gare shi, duk a wuri ɗaya, ba sai ya tsallaka teku ba. A can Farmer ya rasu cikin barci ranar 21 ga Fabrairun 2022, yana da shekara 62, a tsakiyar zangon koyarwa da duba marasa lafiya. Kim ne ya gaje shi a matsayin uban jami'ar. Kuɗin da aka kafa ta da su kuwa daga gidauniyar Gates da gidauniyar Cummings suka fito, ta biyun ta wani attajirin gidaje ce a yankin Boston, don haka wannan ɓangare na lamarin har yanzu yana inda yake tun 1987.